Sadakar Ruwa ga Gaiwa Mai Barci

Da ruwan da aka tsiyaya yana komawa cikin buta, da na fi kowa murna a Wulari, unguwarmu a Maiduguri. Wanda na zuba da hannuna bai kai akuya ta kurɓa ba, amma shi ya mayar da aikin 'yata baya da shekaru. Tun da muka dawo daga Injamena mutanen majalisarmu ta gindin dogon yaro ba su bar ni na sha shayi lafiya ba. Tela Ba Modu yana so ya ji yadda Chadi take. Alhaji Goni ya ce shi ba ruwansa da Chadi, so yake ya ji yadda aka yi na tafi ina Ba Kyari mai banda, na dawo ana ce mini Faki. Na gaji da maimaitawa, kuma kowa ya tashi sai ya ƙara nasa gishirin. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya da ɗan bokon da na samu a ajin manya.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata banda. Na yi ƙuruciyata a bakin tafki wajen Baga ina ƙyafe kifi, na yi girmana a kasuwar kifi nan cikin gari ina sayar da shi kwali-kwali ga masu kai wa Kudu. Yagana 'yata ce ta biyu. Tana koyarwa a jami'a, kuma Dakta ce, amma ba mai allura ba, Daktar kifi ce. Ranar da ta ce mini kifi za ta karanta sai da na tsame hannu daga tuwo. Na ce, "Na sa ki makaranta don ki rabu da ƙarnin nan, ke kuma kin zagaya ta jami'a kin dawo masa?" Ko bikin ba ta digiri ban je ba, na ce ƙafata ke ciwo. Ita dai ta ci gaba da abinta. Ta fara da karfasa, wai tana auna yadda take yi in ruwa ya yi zafi ya janye. Ta koma kan tarwada a kududdufan Khaddamari, ta yi shekaru tana dawowa gida da taɓo har gwiwa. Daga ƙarshe ta tare a kan gaiwa.

Gaiwa kun san ta, doguwar nan mai kama da maciji. In fadama ta ƙafe sauran kifaye suka mutu, ita sai ta nutse cikin laka, ta naɗe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar huda ɗaya a sama tana shaƙar iska, ta kwanta har ruwa ya dawo. Mu a kasuwa abin da muka sani shi ne tana cin jikinta. Yagana ta ce hakan ne, amma ita tambayarta ita ce yaya zuciyar take bugawa in barcin ya wuce damina ɗaya, ya kai biyu, ya kai uku. Don haka ta sa aka yanko mata laka mai gaiwa a ciki, dunƙule-dunƙule kamar tubali, ta jera a ɗaki ta hana su ganin damina.

Sai ambaliyar nan da ta ci rabin gari ta shiga gidanta. Mutane suna kukan katifa da buhunan hatsi, ita tana tsaye tana kallon aikinta yana farkawa yana iyo yana fita ta ƙofa. Dunƙule ɗaya ne ya tsira, wanda yake kan kabad. Shi ta ɗora a ka ta ratsa ruwa har ƙirji, ta bar akwatunan aurenta. Uwarta har yau ba ta yafe wannan ba.

Bayan haka ne labari ya zo cewa wani Farfesa ɗan Sanagal ya kawo wata na'ura Injamena, mai jin bugun zuciyar dabba ta bayan ƙasa ba sai an fasa ba, kuma ba zai daɗe ba zai mayar da ita inda ya aro ta. Yagana ta ce in aka auna gaiwar nan tana barci ta rubuta sakamakon, shi ne abin da ya rage a duba ta a ba ta kujerar Farfesa. Mijinta yana kwance da karaya, uwarta ta ce mace ba ta keta ƙasa biyu ita kaɗai, ni kuma ina jin Larabcin Shuwa na ciniki. Haka na zama ɗan rakiya.

Ta sa dunƙulen a akwatin katako, ta cusa ciyawa ta ko'ina. "Baba," in ji ta, "akwatin nan kai za ka kula da shi. Abu ɗaya na roƙe ka, kada ruwa ya taɓa shi. Ko ɗigo."

Na ce, "Yarinya, tun kafin in auri uwarki nake harkar kifi."

Ta ce, "Shi ya sa nake faɗa maka."

Daga tashar Muna muka tashi. Direban ya ce a ɗaure akwatin a saman mota tare da buhunan albasa, Yagana ta ce ko kusa. Ta biya masa kuɗin kujera kamar mutum, aka ɗaure shi da bel ɗin da shi kaɗai ke aiki a motar. Wata 'yar kasuwa mai jiki da aka matse a bayanmu ba ta daina mita ba har Gamboru. "Ni da nake da rai da 'ya'ya an cusa ni kamar buhu, bulo yana zaune kamar ango." Na juya na ce mata shi ma yana da rai. Ta dube ni ta matsa da jakarta.

Hanyar dai kun san yadda take yanzu. Sai an tara motoci sojoji sun shige gaba, a tafi a jere, a tsaya a shinge, a sauka, a hau. A wani shinge bayan Mafa wani soja ya buɗe akwatin, ya ga dunƙulen ƙasa mai nauyi da huda a sama. Nan take ya ce kowa ya ja da baya. Ya tambaye ni me ke ciki, na ce kifi. Ya ce, "Baba, kana shan maganinka kuwa?" Yagana ta fito da katin aikinta tana bayani, yana ƙara ɗaure fuska. Allah ya taimake mu wani abokin aikinsa, mutumin bakin kogi, ya matso ya leƙa. Ya ce a garinsu an taɓa gina ɗaki da irin wannan laka, damina ta farko bango ya haifi kifi. Ya rufe akwatin a hankali, ya ce wa direba ya riƙa kauce wa ramuka.

A Dikwa aka tsaya sallar azahar. Yagana ta shiga wajen mata, ni na yi alwala a gindin mota kusa da akwatin. Rana ta take, ƙarfen mota ba ya taɓuwa. Ban san abin da ya kai ni ba, na buɗe murfin na kara kunne a hudar. Na daɗe ban ji komai ba. Can sai na ji "fuu", ɗan siriri, kamar tsoho ya juya a kan tabarma.

A nan dole in faɗi wani abu da ban taɓa faɗa wa iyalina ba. Gaiwa ba ta mutuwa da wuri in an fito da ita daga ruwa. Mu kuma lokacin muna samari a bakin tafki ba mu da lokacin jira, haka muke jefa ta kan wuta da ranta. Tana da wani kuka, tsakanin na kwaɗo da na ɗan kwikwiyo. A da dariya yake ba mu. Da na tsufa sai kukan nan ya riƙa zuwa mini a tsakiyar salla. To ga ni a tsugune da buta a hannu, ga jikanyar waɗanda na ƙona, damina uku ba ta ga ruwa ba. Na ce a raina wannan ai Allah ne ya buɗe mini ƙofa. Na cika murfin gora, na yi bisimilla, na tsiyaya a hudar. Na ce ɗigon da Yagana ta hana ai na boko ne, wannan na rahama ne. Ƙasar ta shanye, ko alama ba ta bari ba. Sallar da na yi ranar na daɗe ban yi mai daɗinta ba.

A Gamboru muka sauka muka taka gada da ƙafa zuwa Fotokol, ƙasar Kamaru. Masu baro suka yi caa a kanmu, na rungume akwatina. Ofishin kwastan nasu, da suke ce wa duwan, ɗaki ne ɗaya da fanka da wani ma'aikaci mai gashin baki, gabansa littattafai uku: na dabbobi masu rai, na kayan abinci, na kayan gini. Yagana tana jin Faransanci, ita ta riƙa fassara mini.

Ya ce, "In kifi ne mai rai, ina ruwansa?"

Ta ce ba ya buƙata.

Ya ce, "In matacce ne, ina warinsa?"

Ta ce bai mutu ba, barci yake.

Ya ce to a tashe shi ya gan shi. Ta ce in an tashe shi tafiyar ta ƙare. Ya jawo littafin dabbobi ya ture, ya jawo na abinci ya ture, ya fita ya kirawo babbansa da ke cin wake a baya. Babban ya zo da cokalinsa, ya ƙwanƙwasa dunƙulen ya saurara, ya ce shi bai ji kowa ba. Suka yi shawara da junansu, suka rubuta: tubali guda ɗaya, na amfanin kai. Yagana ta fito tana huci. "Aikin da na ba ƙuruciyata, wai tubali." Ni kuwa na ce ta gode Allah, tubali ba a biya masa komai.

Kamaru ƙasa ce ta abin mamaki. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ba leda ba takarda, mutum ya saya ya soke a hammata ya hau babur, ya isa gida a yanka wa baƙo. Baburan kuwa ga su nan kamar fara. Mu da aka daɗe da raba mu da su a Maiduguri har na manta yadda ake kauce musu, sau biyu Yagana tana fizgo ni ta riga. Da safe fanke suke ci da wake, abin da in ka haɗa wa mutumin Wulari zai ce an yi masa rowa. Mace ta miƙo maka hannu ku gaisa ba ta ga komai ba, ni kuwa hannuwana biyu suna kan akwati, shi ya cece ni. Ko ramin cajin wayarsu zagayayye ne, nawa ya ƙi shiga, wayata ta mutu tun daga nan. Da tana da rai wataƙila da na kira wani ya ba ni shawara.

Mun isa Kusiri, garin Kamaru na bakin iyakar Chadi, gab da magariba, muka sauka a gidan baƙi na wata mata mai suna Madam Hawa, ɗakuna a jere da tsakar gida da bishiyar mangwaro. Kashegari da safe Yagana ta fita neman takardun shiga Chadi, ta ce za ta daɗe. Na fito da akwatin inuwar mangwaro, na buɗe don ya sha iska. Na duba hagu na duba dama, na cika murfin gora na tsiyaya, ina istigfari a hankali.

Ashe Madam Hawa tana bayana da tsintsiya. Ta tambaye ni da Larabci me ke ciki. Na ce kifi ne, shekara uku yana barci, ba ci ba sha. Ta saki tsintsiyar ta riƙe baki. Ta dubi geman nan nawa, ta dubi carbina, ta ce, "Kai Faki ne?" Faki a wajensu shi ne malami mai addu'a.

Jama'a, karatuna bai wuce gajerun surori ba. A duk rayuwata ba wanda ya taɓa ce mini malam sai mai neman ragi. Abin da ya kamata in ce shi ne a'a. Sai na yi ɗan murmushi na sunkuyar da kai.

Kafin azahar an kawo mini soyayyiyar kaza. Kafin in gama cinya ɗaya tsakar gidan ta cika. Mace ta farko jaririnta ne ba ya barci, ta ce tunda wannan bawan Allah ya iya barci haka a roƙa mata. Ta biyu mijinta ne ba ya tashi sai rana ta take, ita kuma akasin haka take nema. Wani tsoho ya ce shi ciwon gwiwa ne, ya san ba ruwan kifi da gwiwa, amma ya ga layi. Kowa ya zo da ɗan kofin shayi cike da ruwa, don Madam Hawa ta gaya musu yadda Faki yake yi. Mutum ya durƙusa, ya tsiyaya a hudar, ya shafi ƙasar ya shafa a goshi, in ce amin. Duk abin da na iya faɗa na hanawa shi ne, "Kaɗan-kaɗan." Zuciyata tana ce mini Kyari tashi ka rufe akwatin nan, bakina yana cike da kaza. Ƙasar kuwa tana ta sha, ta waje ba ta nuna komai ba.

Da na ji muryar Yagana a ƙofa tana sallamar ɗan babur, na rufe murfin na ce wa jama'a addu'a ta ƙare. Ta shigo ta ga mutane suna fita suna duƙa mini.

"Baba, wannan taron fa? Wannan kazar fa?"

Na ce, "Mutanen nan suna girmama baƙo, ba kamar namu ba."

Da safe muka hau gadar da ke shiga Injamena. Akwatin ya yi mini nauyin da ban san shi da shi ba. A tsakiyar gada wani abu ya yi "gurr" a jikina. Yagana ta waiwayo. "Baba, cikinka ne?" Na ce kazar jiya ce.

Injamena ban gan ta sosai ba, don idona yana kan akwati. Tituna masu faɗi, jandarmomi a kowace kwana, shayi ja a 'yan kofuna wanda sukarinsa ya fi ruwansa. Zoborodonmu suke kira karkanji su sayar da shi da tsada. An ba mu wata waina mai faɗi siririya kamar takarda da miyar kuɓewa da naman raƙumi, na ci don kada a ce, amma ba ta wuce mini wuya da daɗi ba.

Ɗakin awon yana da sanyi kamar cikin randa. Farfesan dogo ne, mai farin gemu, ya tarye mu da murna, har ya cire hularsa da aka ajiye akwatin a tebur. Ɗalibai suka kewaye da biro da takarda. Ya ce wa Yagana ya karanta duk abin da ta rubuta tun daga kan karfasa, kuma yau rana ce babba. Na ga 'yata ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ban taɓa ganin wani ya yi mata magana haka a kan kifi ba, balle ni.

Aka manna wayoyi a jikin dunƙulen, aka kunna na'ura. Yagana ta riga ta gaya mini abin da za a gani: wani layi a gilashi da zai ɗan motsa, ya huta, ya huta, ya sake motsawa, kamar tafiyar tsoho zuwa masallaci. Abin da muka gani shi ne layi yana tsalle kamar ana kiɗan ganga a gidan biki. Farfesa ya daki na'urar da tafin hannu. Ya kashe ya kunna. Ya zagi wutar lantarki. Ya cire wayoyin ya manna a hannunsa, layin ya nutsu. Ya mayar, aka ci gaba da biki.

Yagana ta matso kusa da teburin. Ta zura hannu ƙarƙashin dunƙulen ta danna, yatsanta ya nutse. Ta ɗago yatsan ta dube shi. Ta dubi butar da ke hannuna, don ko'ina da ita nake zuwa. Ni kuma na dubi fanka.

Sai ƙasar ta tsage. Kai ya fara fitowa, a rame, a yamutse, da wata fatar yauƙi a kansa kamar tsohuwar hula. Gaiwar ta buɗe baki ta yi kukan nan, shi dai, wanda yake zuwa mini a salla. Ta juya ta cafke wayar na'ura ta ƙi saki. Ɗalibi ɗaya ya yi waje, wata ta hau kujera tana ɗauka da waya. Farfesa ya yi dariya har da hawaye, sai ya ga fuskar Yagana ya haɗiye sauran.

Ita ce ta fara motsi. Ta ce a kawo baho da ruwa. Ta auna nauyin kifin, ta ɗebi jininsa, ta ɗebi ruwan bahon a 'yan kwalabe, tana rubutu har la'asar, ko sau ɗaya ba ta dube ni ba. Na ɗauka ko an samu abin da aka zo nema ta wata hanya. Da muka fito na tambaye ta. Ta ce, "Farkawa mutane da yawa sun auna, Baba. Barcin na zo aunawa."

Har lokacin ba ta san iyakar abin ba. A Kusiri ta sani. Muna shiga gidan baƙi da gaiwar a bokiti Madam Hawa ta rugo tana guɗa. Jariri ya yi barci, mijin nan mai barci ya tashi da asuba ya tafi aiki, gwiwar tsoho ce kawai ba ta ji ba tukuna. Ta kama hannun Yagana tana yi mata barka da samun uba irin wannan, ta lissafa mata waɗanda suka zuba ruwa gida-gida. Wani ɗan kasuwar Maiduguri da ya sauka a gidan yana zaune yana ji. Shi ya riga mu isowa da sunan Faki, Alhaji Goni, ga amsar tambayarka.

A Fotokol muka tarar da mai gashin bakin nan. Ya buɗe littafin kayan gini ya ce ina tubalin. Yagana ta ɗora bokitin a tebur ta buɗe. Ya leƙa, gaiwar ta ɗago kai ta shaƙi iska a gabansa. Ya kirawo babbansa. Suka daɗe suna kallo. Daga ƙarshe ya ɗauki biro ya ƙara kalma a gaban abin da ya rubuta da farko, ya buga hatimi. Na tambayi Yagana me ya rubuta. Ta ce, "Tubali guda ɗaya, ya farka." Ita kaɗai ce maganar da ta yi mini daga Injamena har Dikwa.

A Dikwa aka tsaya salla, wuri ɗaya da na farko. Ta fito daga wajen mata ta same ni a gindin mota, ta tsuguna kusa da bokitin.

"Baba, me ya sa?"

Na gaya mata. Wutar banda, da kukan, da sallata. Ban taɓa zaton zan faɗa wa 'yar cikina wannan ba. Ta saurara har na gama, tana wasa da murfin bokitin.

Ta ce, "Ba ƙishi take ji ba, Baba. Ƙishi na wanda yake a farke ne. Da ka tambaye ni da na gaya maka a nan wurin, kafin ka buɗe gorar. Wannan tambayar ita ce aikina, ina da amsarta." Sannan ta ce, "Tun ina aji ɗaya a jami'a nake jira ka tambaye ni abu ɗaya a kan kifi."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na rasa inda zan sa idona, na sa shi cikin bokiti. Can na ce, "To yanzu da ta tashi, me take ci?"

Ta dube ni. "Dodon koɗi."

Na ce a ina ake samu.

Ta ce, "Kai za ka nemo."

Haka aka yi. An zauna zaman ƙarin girma a jami'a ba da ita ba, wani da ta koyar ya shige gabanta. Na'urar ta koma inda ta fito. Da ruwa ya janye muka je Khaddamari, ni da ita da masu haƙa, aka yanko sabuwar laka. Sai an sake jiran damina uku, kuma a shekaruna ban san ko zan ga ranar ba. Wannan shi ne abin da yake hana ni barci, ba kukan gaiwa ba kuma. Ɗakin da aka jera sababbin dunƙulen yana da kwaɗo, makullin yana wuyan Yagana. In na je gidanta, takalmi da buta a ƙofa nake barinsu, jikokina ne ke tsaron butar.

Ita kuwa gaiwar tana gidana cikin rabin duro. Kullum da safe ina bakin kwalbati da leda ina tsintar dodon koɗi, yara suna bi na. Ta yi ƙiba. Ta cije ni a babban yatsa har sai da aka ɗinke, ban ji haushi ba, na ce cikin haƙƙin danginta ta ɗiba. Duk Juma'a Yagana tana zuwa ta auna ta, ni ke riƙe bahon, ina tambaya tana amsawa. Ashe huhu gare ta kamar ni da ku.

Roƙona gare ku, duk wanda ya karanta wannan: in tsohon laifi ya dame ku, ku biya shi daga aljihunku, kada ku biya da ajiyar da aka ba ku. In tausayi ya kama ku a kan abin da ba ku sani ba, kuma mai sanin yana zaune kusa da ku a mota ɗaya, ku ajiye butar ku tambaye shi, ko da kun taɓa goya shi. Sannan ku mutanen majalisa, don Allah ku bar sunan nan. Jiya da hantsi wasu mata biyu suka yi sallama daga unguwar Ajilari, kowace da kofin shayinta cike da ruwa, suna tambayar gidan Faki. Na ce musu ya tashi daga unguwar, amma in tambaya ce a kan kifi, akwai Dakta, zan raka su.